Takwas da Safe, Uku da Yamma

Yaron da uwarsa ke sayar da tumatir ko doya a Kasuwar Malam Atta, a unguwar New Town ta birnin Akra, sau biyu ake rarraba masa kalmomi a rana. Da safe, a makarantar boko, malamin Turanci yakan rubuta masa a allo cewa duk maganar ɗan Adam gida takwas ta kasu: suna, wakilin suna, sifa, aikatau, bayanau, mahaɗi, kalmar motsin rai, da 'yan ƙananan kalmomin nan masu nuna wuri ko dangantaka. Da yamma kuwa, idan karatunsa ya kai ya buɗe Ajurumiya a gaban malamin zaure a Nima ko Mamobi, sai a ce masa gida uku ne kacal: isimi, fi'ili da harafi. Yakan haddace duka biyun, don kowane malami da irin bulalarsa. Amma harshen da yake taya uwarsa ciniki da shi, yake musu da shi a filin ƙwallo, ba wanda ya taɓa ce masa shi ma yana da ƙa'ida. Abin da ya fi ji shi ne a bar wannan yaren a bakin ƙofar aji.

Wannan kasuwa wuri ne da kunne ba ya hutawa. Kafin mutum ya ratsa daga masu kifi zuwa masu albasa ya ji Ga, harshen 'yan ƙasa, ya ji Tonanci da Ewe da Dagbanci da Zabarmanci, ya ji Turancin buroka, ya kuma ji Hausa tana ɗinke tsakanin mutanen da suka fito daga arewa. Ba jiya Hausa ta zo nan ba. Fataucin goro ne ya fara kai ta Gwanja, kuma da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku. Kafin nan ma akwai dakarun Hausawa da Turawan Ingila suka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta taso a farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa. Ita kanta New Town da Lagos Town aka san ta, saboda mutanen Najeriya da suka zauna a cikinta. Farfesa Mary Esther Kropp Dakubu, a littafinta na 1997 kan tarihin harsunan Akra, ta ba Hausa gurbi cikin manyan harsunan birnin. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Duk da haka ba ta cikin harsunan gida 11 da gwamnati ta daɗe da amincewa a koyar a makarantu. Ɗan Zango yana iya rubuta jarrabawar Ga ko ta Tonanci, amma ba ya rubuta ta harshen da aka yi masa raɗa da reno a cikinsa.

Mu fara da takwas ɗin nan, tunda a kansu ake yawan yi wa yara tambaya: wannan kalma suna ce ko aikatau, waccan sifa ce ko bayanau? Yadda ake koyar da su, sai ka ɗauka tare da harshe aka halicce su. Alhali mutane ne suka zauna suka ƙirga. Lissafin ya samo asali ne daga wani ɗan ƙaramin littafin nahawun Girkanci da ake danganta wa Dionysius Thrax, mutumin Iskandariya, wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin takwas ɗinsa babu sifa a matsayin gida mai zaman kansa, reshe ce kawai a ƙarƙashin suna. Da Romawa suka ɗauki tsarin, sai suka tarar harshensu na Latin ba shi da irin ƙaramar kalmar nan da ke gabatar suna a Girkanci, wadda Turanci ke da irinta a “the”. Suka cire ta, suka sa kalmar motsin rai a gurbinta, lissafi ya koma takwas. Haka Donatus ya koyar a Roma a ƙarni na 4, haka kuma abin ya gangaro har William Bullokar ya rubuta nahawun Turanci na farko a 1586 bisa tsarin Latin. Su kuwa malaman Basra, waɗanda Sibawaihi ya tattara iliminsu a ƙarni na 8, uku suka ga ya ishe su, kuma Ibn Ajurrum na Fas, wanda ya rasu a 1323, ya taƙaita wannan ilimi cikin 'yan shafuka da har gobe ake karantawa daga Sakkwato zuwa Nima, wato Ajurumiya. A wurinsu sifa da wakilin suna duk isimi ne.

To wa ya fi gaskiya, mai takwas ko mai uku? 'Yan kasuwa sun riga malamai sanin amsar. A Malam Atta da olonka ake auna masara da garin rogo, a Kurmi ta Kano da mudu ko tiya. Hatsin bai canja ba, ma'aunin ne kowace kasuwa da nata, kuma wanda ya zo saye dole ya san na kasuwar da ya shigo. Rukunan nahawu ma'auni ne, an ƙera shi daidai da wani harshe, sai a ɗauke shi a kai wa wani, wani abu ya shiga, wani ya zube.

Abin da ke zubewa idan aka auna Hausa da takwas ɗin Turawa ba kaɗan ba ne. Mai tumatir tana cewa nata ja ne jawur, mai ganye ta ce ɗanye ne sharaf, mai kwano ta ce sabo ne fil, buhu kuma ya cika maƙil. Waɗannan kalmomi, da masana nahawunmu suka raɗa wa suna amsa-kama, ba su da ɗaki a gidan takwas. Haka “ne” da “ce”, waɗanda muke kira dirka: ba aikatau ba ne, ko da yake da aikatau Turanci ke yin aikinsu. Sannan yawancin abin da Bature ke faɗa da sifa, da suna muke faɗarsa. Zafi, tsada, kyau, nauyi, araha, duk sunaye ne. Mukan ce kaya ya yi tsada, koko yana da zafi, atamfa mai kyau. Barci da magana da ciniki da dariya ma sunaye ne, sai mun jingina su da “yi”, alhali a Turanci kowannensu aikatau ne cikakke. Saboda haka yaron da aka tambaya rukunin wata kalmar Turanci, ya fassara ta a zuciyarsa, ya amsa da “suna” aka ba shi sifili, ba wauta ya yi ba. Amsar wani harshe ya bayar a jarrabawar wani.

Akwai kuma haddar nan da ake rera wa yara tun aji uku, cewa aikatau kalma ce ta aiki. Wane aiki mutum yake yi idan ya san abu, ko ya mallake shi, ko ya yi kama da wani? Turanci ma ya fi kowa saɓa wa wannan hadda, domin kalma ɗaya takan kwana suna ta tashi aikatau ba tare da ta canja ko harafi ba. “Market” kasuwa ce, amma a wata jimlar tallatawa ce. “Water” ruwa ne, a wata jimlar kuma ban ruwa. Mazaunin kalma a jimla da maƙwabtanta su ne ke faɗin rukuninta. Ɗalibin Ajurumiya ya san wannan sarai, domin shi da alamomi aka koya masa gane isimi da fi'ili, wato da abin da ke iya shiga gabansu ko bayansu. Dabarar tana hannunsa tun daga zaure, ba a dai gaya masa cewa tana aiki a ajin Turanci ba.

A kan aikatau ne rikicin ya fi tsanani, kuma nan ne jan biro ya fi zuba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya dubi yadda Hausa ke sarrafa lokaci. Muna cewa na saya, zan saya, nakan saya, in saya. Aikatau yana nan yadda yake, lamirin da ke gabansa ne ke ɗauke da lokaci da mai aikin gaba ɗaya. Turanci kuwa cikin jikin aikatau yake shiga ya sauya shi: “buy” ya koma “bought”, “go” ya koma “went” ya kuma koma “gone”. Irin waɗannan masu bauɗewa daga ƙa'ida sun kusa 200, kuma su ne aka fi amfani da su kullum. Yaron da ya rubuta “yesterday I go” ya bi hankali ne tsaf: tunda ya riga ya ce jiya, me zai sa ya sake wahalar da aikatau? Ga kuma harafin “s” da ake liƙa wa aikatau idan mai aikin mutum ɗaya ne da ake ba da labarinsa. Yaro ya koyi cewa “s” alamar jam'i ce a jikin suna, sai ga shi a jikin aikatau ta zama alamar tilo. Ba abin mamaki ba ne idan ya rubuta “she sell”.

Turancin buroka, wanda masani Magnus Huber ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1999, ya kuma ambaci unguwanni irin su Nima cikin wuraren da ya fi kafuwa, ya warware wannan matsala ta hanyar da kunnen Bahaushe ya saba da ita. Aikatau ba ya motsi, sai a sa masa ƙaramar kalma a gaba: “I dey come” ina zuwa, “I go come” zan zo. Malamai da yawa suna ɗora wa buroka laifin faɗuwar yara, suna cewa Turanci ne marar ƙa'ida. Ƙa'ida kam yana da ita, har ta fi ta Turancin littafi daidaituwa. Matsalar ita ce kalmominsa sun yi kama da na Turancin jarrabawa, sai yaro ya kasa gane inda wannan ya tsaya wancan ya fara.

Wanda yake son ya ga gwanintar aikatau na Hausa, ya tsaya kusa da mai awo ya saurara.

“Hajiya, nawa olonkar masara yau?”

“Ɗana, masara ba ta sayuwa. Yadda na sayo ta, in na sayar maka a haka na faɗi. Jiya ma wata mai koko ce ta saye ragowar.”

“To ki rage mini, Hajiya, Inna zan saya wa.”

Cikin wannan ɗan ciniki saiwa ɗaya ta fito da fuska biyar. Sayo ta nuna an je can an kawo nan. Saye ta nuna an kwashe duka. Sayar ta juya akalar cinikin, kaya ya bar hannu maimakon ya shigo. Sayuwa ta faɗi ko abin mai yiwuwa ne. Saya wa ta shigo da wanda aka yi dominsa. F. W. Parsons, malami a jami'ar London, shi ya tsara waɗannan sauye-sauye a 1960 ya kasa su giredi bakwai, kuma har yau da tsarinsa ake koyarwa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. Hajiya ba ta taɓa jin sunansa ba, amma ba za ta taɓa sa “sayo” a gurbin “sayar” ba. Turanci sai ya nemo kalmomi biyu mabambanta don saye da sayarwa, ya ƙara da wasu ƙanana kafin ya faɗi abin da wasali ɗaya ya faɗa a nan.

Daga nan ne ake gane asalin wani kuskure da ya shahara a makarantun Afirka ta Yamma, wato “borrow me your pen”. A Hausa na ari biro, kai kuma ka ara mini. Na ranci kuɗi, ka ranta mini. Na koyi karatu, ka koya mini. Saiwa ɗaya ce take tafiya ta dawo, ƙarshenta da karin sautinta ne ke nuna wa ya bayar, wa ya karɓa. Turanci ya raba su gida biyu, “borrow” da “lend”, “learn” da “teach”, sai yaro ya ɗauki guda ya aike ta duka hanyoyin biyu yadda ya saba. Haka “I am coming” da mutum ke faɗa yana juya baya zai tafi: “ina zuwa” ce tamu, kuma Tonanci ma haka yake faɗa, shi ya sa ta zama ta kowa a Gana, har da masu digiri. Haka faɗin jin wari da jin ɗanɗano da kalmar “hear”, domin “ji” ɗinmu ya haɗa kunne da hanci da harshe da zuciya. K. A. Sey ya tattara ire-iren waɗannan a littafinsa kan Turancin Gana tun 1973. Fiye da shekara 50 ke nan ana yi musu jan layi, ba su gushe ba, saboda ana dukan reshe ne ba a duba saiwar ba.

A nan ya kamata mu Hausawan Kano da Katsina da Maraɗi mu yi hattara, domin laifi tudu ne. Abin da malamin Turanci ke yi wa ɗan Nima, shi muke yi masa idan ya buɗe baki da Gananci, wato Hausar Gana. Mukan yi dariya idan ya ce yarinya ya zo, ko ya ce mace ne, ko ya furta ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa. Mu ce ya ɓata Hausa. Amma Hausar da ta zama harshen haɗuwar Dagombawa da Zabarmawa da Kotokoli da Mosawa, a tsakiyar Ga da Tonanci waɗanda ba su bambanta “shi” da “ita”, dole ta sauke wani kaya kafin ta iya ɗaukar wannan jama'a. Ko a Najeriya, a kudancin ƙasar Hausa, ana jin “motan” da “rigan” a bakin waɗanda aka haifa cikin harshen.

Turancin da ake bugun yara a kansa ma ta wannan hanya ya biyo. Shekara 1000 da suka wuce kowane suna a cikinsa yana da jinsi, rana mace ce, wata namiji, daidai da yadda muke da su. Bayan cuɗanya da mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila, da mamayar Normandawa ta 1066, jinsin ya zube, yawancin ɗafe-ɗafen aikatau suka bi shi. Ita “s” ɗin da ke kayar da yara a jarrabawa daga karin harshen arewacin Ingila ta gangaro, kuma fassarar Baibul ta 1611 ba ta yi amfani da ita ba, tsohuwar “eth” ta riƙe. “Went” asalinta ta wani aikatau ce dabam, aka aro ta aka liƙa wa “go”. A ƙarni na 18 masu ilimi da yawa suna rubuta “you was” idan da mutum ɗaya suke, har Robert Lowth ya yi tir da ita a nahawunsa na 1762, Lindley Murray kuma ya baza irin waɗannan hukunce-hukunce a makarantu da littafinsa na 1795. Abin da ake kira daidai yau, wani yayi ne da ya sami masu rubuta shi da masu hukunta wanda ya saɓa masa.

Kada a ɗauka ina cewa a ƙyale yara su rubuta abin da suka ga dama. Wanda ya faɗi haka bai san Zango ba, ko kuma 'ya'yansa ba a nan suke karatu ba. Turanci ne harshen hukuma a Gana. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedikwatarta ke nan Akra, da Turancin littafi take auna yaro a jarrabawar BECE da WASSCE, kuma wanda bai sami aƙalla C6 a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya fi kowa lissafi. Tun da aka mayar da babbar sakandare kyauta a 2017, 'ya'yan masu talla da 'yan dako da yawa sun kai bakin wannan ƙofa. Uwar da ta wuni a rana tana awo ba ta biyan kuɗin darasin yamma don a gaya wa ɗanta cewa kuskurensa yana da tarihi mai ban sha'awa. So take ya ci. Tambayar ita ce ta wace hanya zai fi saurin ci.

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malamin da ya rubuta “na saya, zan saya, nakan saya” a gefe ɗaya na allo, ya rubuta takwarorinsu na Turanci a ɗaya gefen, ya ce wa yara su nuna masa abin da ya motsa a nan da abin da ya motsa a can, ya koyar da lokutan Turanci cikin darasi guda fiye da yadda haddar zangon karatu guda za ta yi. Wanda ya ce musu “ara mini” da “na ara” kalma ɗaya ce a gida amma biyu ce a jarrabawa, ya kashe wannan kuskure har abada, bai kuma kashe wa yaro zuciya ba. Wanda ya tuna musu cewa fi'ilin Larabci ma yana sauya jiki daga madi zuwa mudari'i, ya nuna musu cewa abin da Turanci ke nema ba baƙo ba ne, sun riga sun yi shi da yamma. Ƙasar da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya yi rubutu da Larabci da Hausa har ya koyar da Bajamushe Adam Mischlich, ba ta rasa gadon kwatanta harshe da harshe ba.

Kayan aikin ma suna nan. Tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, mai kula da makarantun da ke haɗa Turanci da Larabci, kuma da yawa daga malamansu 'yan Zango ne da suka tashi da Hausa. Littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci, na 1976, da Turanci aka rubuta shi, duk malamin Gana zai iya karantawa. Babban kundin Paul Newman na 2000 ma haka. Ba sai an jira gwamnati ta sa Hausa cikin jerin harsunan makaranta ba kafin malamin aji ya yi amfani da abin da ɗalibansa suka zo da shi daga gida. Abin da ya rage shi ne sassan Hausa na jami'o'in Najeriya da Nijar su tuna cewa suna da 'yan'uwa a bakin teku, su kuma shugabannin Zango su nemi a horar da malamansu a wannan fanni kamar yadda suke neman a gyara musu kwata da hanya. Yaron da ke sarrafa giredi bakwai na aikatau kafin ya shiga aji ɗaya ba zai gagara koyon “go, went, gone” ba, in dai an fara da gaya masa cewa abin da ke bakinsa ma nahawu ne.